Me ɗaliba za ta iya yi ranar da aka miƙa mata digiri?

A farkon shekarun 1970, shugabar wata ƙaramar kwalejin mata ta 'yan Katolika da ke birnin Milwaukee, a jihar Wisconsin ta Amurka, ta ɗora wa malamanta wata tambaya mai nauyi. Sunan shugabar Sista Joel Read, kwalejin kuwa Alverno, wadda sistoci, wato matan da suka keɓe rayuwarsu ga hidimar coci, suka kafa. Ta nemi kowane sashe ya fito gaban sauran sassan ya faɗi abin da yake koyarwa wanda muhimmancinsa ya kai a ce ɗaliba ta yi asara idan ta gama karatu ba ta same shi ba. Sashe bayan sashe suka riƙa fitowa suna bayani, kuma da aka tattara amsoshin sai aka ga sun fi karkata ga abin da ɗaliba za ta iya yi da ilimin, fiye da jerin batutuwan da aka karanta mata a aji. Daga wannan muhawara aka gina sabuwar manhaja, aka fara aiki da ita a 1973.

Ina ganin sistocin nan sun kama bakin zaren abin da ake kira karatun gama-gari, wato darussan da kowane ɗalibin digirin farko yake ɗauka ko wane fanni yake karantawa. Ina kuma ganin yawancin jami'o'in duniya, har da manya masu suna da dukiya, sun bar zaren ya suɓuce musu.

A tsarin Amurka, ɗaliba ba ta faɗawa cikin fanninta kai tsaye kamar yadda ake yi a Ingila. Kaso mai tsoka na shekaru huɗun yana tafiya ne a rubutu, lissafi, kimiyya, tarihi, falsafa, adabi da wani harshen waje. Yadda akasarin makarantu suke tafiyar da wannan kaso shi ne su ce wa ɗaliba ta zaɓi darasi biyu daga wannan rukuni, uku daga wancan, idan ta ci jarrabawa an sallame ta. Babu mai komawa ya tambaya ko darasin falsafar da ta ɗauka a shekarar farko ya bar wani abu a kanta. Makin ya shiga takardar sakamako, magana ta ƙare.

Alverno ta ƙi wannan. Ta rubuta abubuwa takwas ta ce duk wadda za ta fita da digirinta sai ta nuna ta iya su. Akwai iya isar da saƙo da baki da alƙalami, da iya ɓarje matsala a gano sassanta, da iya warware ta. Akwai iya aiki cikin jama'a, da kallon al'amari da idon duniya baki ɗaya, da zama 'yar ƙasa mai amfani. Sai biyun da na fi so a tsaya a kansu: iya auna abin da ya dace da wanda bai dace ba yayin yanke shawara, da iya hulɗa da ayyukan fasaha irin su waƙa, zane da wasan kwaikwayo. Kowace ƙwarewa an kasa ta mataki shida. Huɗun farko na karatun gama-gari ne, biyun ƙarshe kuma a cikin fannin ɗaliba ake nuna su, ko jinya take karantawa, ko koyarwa, ko kasuwanci.

Rubuta buri a takarda ba wuya, kowace jami'a tana da irinsa a bangon ofishin shugaba. Inda Alverno ta sha bamban shi ne yadda ta ɗaure kanta da abin da ta rubuta. Tun zuwan ɗaliba ake ɗaukar ta a bidiyo tana jawabi, a ajiye, a ci gaba da ɗauka har ta gama, domin ita da malamanta su riƙa ganin inda ta taso da inda ta kai. Ana haɗa ta da wasu ɗalibai a ba su matsala su tattauna su cimma matsaya, alhali wasu na gefe suna lura da wadda take sauraro, da wadda take katse mutane, da wadda take janyo mai shiru cikin magana. Masu lurar nan ba malamai kaɗai ba ne. Kwalejin tana horar da 'yan sa-kai daga cikin ma'aikata da 'yan kasuwar Milwaukee su zo su zauna su tantance. Bayan an gama, ita kanta ɗalibar sai ta faɗi inda take ganin ta yi kyau da inda ta gaza, da hujja daga abin da ya faru, sannan a gwama hukuncinta da na masu tantancewa. Ba a ba ta A ko B ko C. Bayani ake rubuta mata: ga abin da kika iya, ga abin da ya rage.

Duk wanda ya taɓa kai yaro koyon ɗinki ya san wannan tsari. Tela ba ya yaye yaronsa don ya shekara uku yana zuwa shago. Sai ya miƙa masa yadi ya ga ya yanka, ya haɗa, ya fitar da wuyan riga yadda mai kaya zai karɓa ba gunaguni. Abin mamaki shi ne a ce makarantar da take yaye malaman jinya da malaman makaranta ta gamsu da ƙasa da haka.

Sashen da ɗaliba take auna kanta shi ne ya fi burge ni, domin shi ne kaɗai zai bi ta har bayan makaranta. Malami zai tsaya a aji, mai tantancewa zai koma ofishinsa. A wurin aiki babu mai rubuta mata bayani duk mako. Idan ba ta koyi kallon aikinta da idon gaskiya ba, ko dai ta zama mai ganin komai nata daidai ne, ko ta zama mai raina duk abin da ya fito daga hannunta. Na biyun ya fi yawa a cikin mata, musamman waɗanda su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a, kuma irinsu ne suka cika azuzuwan Alverno. Tun 1977 kwalejin ta buɗe karatun ƙarshen mako saboda mata masu aiki da masu 'ya'ya, a 2017 kuma ta zama makaranta ta farko a Wisconsin da aka amince da ita a hukumance a matsayin mai hidima ga ɗalibai 'yan asalin Latin Amurka, saboda yawansu a cikinta. Macen da ta shekara goma sha biyar rabonta da aji, tana renon yara tana aikin dare, idan aka nuna mata bidiyonta na farko da na shekara ta uku, ba ta buƙatar kowa ya lallashe ta cewa ta ci gaba. Gani ya kori ji.

Akwai masu cewa zamanin makarantar mata zalla ya wuce, kuma alƙaluma suna tare da su: a shekarun 1960 kwalejojin mata a Amurka sun haura 200, yau ba su kai 40 ba. Amma kafin a yanke hukunci ya kamata a tuna dalilin kafa su. Jami'ar Notre Dame, wadda ita ce fitacciya a cikin jami'o'in Katolika na Amurka, ba ta fara ɗaukar mata a digirin farko ba sai 1972. A tsallaken titi daga harabarta kuwa akwai kwalejin Saint Mary's, wadda sistocin Holy Cross suka assasa tun 1844. A can ne Sista Madeleva Wolff, mawaƙiya kuma shugabar kwalejin daga 1934 zuwa 1961, ta buɗe makarantar ilimin tauhidi mai zurfi a 1943, saboda a lokacin tsangayoyin tauhidi na Katolika a ƙasar ba sa karɓar mata. A Washington, kwalejin Trinity da aka kafa a 1897 ita ta yaye Nancy Pelosi a 1962, wadda daga baya ta zama mace ta farko da ta shugabanci Majalisar Wakilan Amurka. Matan da aka rufe wa ƙofa ne suka gina nasu gidan, suka zama shugabanni da ma'aji da shugabannin sassa a zamanin da ba a ba mace irin waɗannan kujeru a wasu wurare. Yarinyar da ta shiga irin wannan makaranta ta tarar da mace a kan kowace kujerar iko, ta koyi wani darasi tun kafin a buɗe littafi.

Mu ma nan Arewa mun ga reshen wannan aiki a matakin sakandare. Sistocin St. Louis sun iso Kano a 1948, makarantarsu ta 'yan mata tana nan a Bompai. Kwalejin Queen Amina ta Kakuri a Kaduna ta fara ne da sunan Queen of Apostles a hannun sistoci kafin gwamnati ta karɓe ta. Iyaye Musulmi da yawa sun kai 'ya'yansu irin waɗannan makarantu don tarbiyya da tsayuwar karatu, kuma sun san abin da suke yi.

Yanzu ga wurin da nake ganin addinin makarantar ya yi tasiri na gaske. Jami'ar gwamnati ko wadda ba ta jingina da wani addini ba takan ji tsoron rubuta cewa tana so ɗalibinta ya iya bambance daidai da ba daidai ba. Za a tambaye ta: daidai a wurin wa? Don haka sai ta tsaya a kan abin da ba ya jawo rigima, wato iya rubutu, iya lissafi, iya tunani mai zurfi. Sistocin Alverno ba su da wannan fargaba, domin sun fito daga al'adar da ta ɗauka cewa ilimi da hali ba sa rabuwa. Sai dai ba su mayar da abin wa'azi ba. Matakan ƙwarewar auna abin da ya dace da wanda bai dace ba suna farawa ne da ɗaliba ta gano abubuwan da ita kanta take girmamawa da inda ta samo su, sannan ta iya gano su a cikin littafi ko tarihi ko wata doka, sannan ta iya yanke shawara a kan matsala ta zahiri ta kuma faɗi abin da ta fifita da abin da ta sadaukar. Ɗauki ma'aikaciyar jinya da iyalan majinyaci suka roƙa ta ɓoye masa gaskiyar ciwonsa, ko akawun da shugabanta a wurin aiki ya ce ta gyara wani adadi kafin masu bincike su zo. Ilimin magunguna da ilimin lissafin kuɗi ba za su gaya musu abin yi ba. Idan ba su taɓa zama a aji an sa su sun warware irin wannan ƙulli da bakinsu a gaban mutane ba, ranar da ya same su a wurin aiki ita ce ranar gwajinsu na farko, kuma a lokacin akwai albashi da tsoron kora a kan sikeli.

Jami'ar St. Catherine da ke St. Paul a jihar Minnesota, wadda sistocin St. Joseph suka kafa a 1905, ta bi wata hanyar zuwa wuri guda. Ta sa darasi ɗaya a bakin shiga wanda yake sa sabuwar ɗaliba ta yi nazarin kanta da matsayinta na mace mai neman ilimi, da wani a bakin fita kan neman adalci a duniya, inda ake ɗaukar matsala guda, kamar lafiyar mata ko muhalli ko ƙaura, a bi ta har tushe. Saint Mary's kuma, a tsarinta na karatun gama-gari mai suna Sophia, ta wajabta wa ɗaliba ta ɗauki darussan da suke kawo muryoyin mata cikin abin da ake nazari. Dukkansu sun yarda cewa akwai tambayoyin da mai digiri bai kamata ya fita bai taɓa fuskantarsu ba.

Ni ba 'yar ɗarikar Katolika ba ce, kuma na san tambayar da mai karatu Musulmi zai yi: shin wannan ba wata hanya ce ta cusa aƙida ba? Tambaya ce mai kyau, bai kamata a share ta ba. Takardar da Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1990 kan jami'o'in Katolika ta ce a samar da darussan koyarwar cocin ga ɗalibai, ta kuma ce a mutunta 'yancin zuciyar kowane mutum. Tsakanin waɗannan biyun akwai ja-in-ja, kuma makarantun sun sha samun saɓani da bishop-bishop a kan inda iyaka take. Amma a aikace, yawancin waɗannan kwalejoji suna cike da ɗaliban da ba Katolika ba, kuma a Minnesota, inda 'yan Somaliya suka fi yawa a Amurka, 'yan mata masu hijabi suna karatu a St. Catherine. Dalilin ba ɓoyayye ba ne a wurina. Yarinya mai salla biyar ta fi samun natsuwa a makarantar da take ɗaukar imani da muhimmanci, ko da ba nata imanin ba ne, fiye da inda ake kallon duk mai addini a matsayin wanda bai waye ba. Sharaɗin da zan kafa shi ne a auna ta a kan ƙarfin hujjarta. Ranar da aka fara auna ta a kan ko ta iso ga amsar da coci yake so, an bar koyarwa an koma wani abu daban.

Suka ta biyu ta fi wannan ƙarfi, kuma daga malaman jami'a take fitowa. Suna cewa tun da aka fara yayin rubuta manufofin koyo, abin ya zama aikin cike fom. Hukumomin tantance jami'o'i suna neman a rubuta manufa ga kowane darasi, malami ya kwafo jimlolin bara ya liƙa, a tara takardu a kabad. Gaskiya ne, haka abin ya zama a wurare da yawa. Suna kuma cewa akwai abin da ba ya aunuwa: yadda wata waƙa take sauka a zuciyar mutum shekara ashirin bayan ya karanta ta. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai abin da ya lalata tsarin a wasu wurare shi ne an kwafi jerin manufofin an bar wahalar. A Alverno malamai ne suka haifi manufofin da muhawararsu, ba daga sama aka jefo musu ba, kuma kowane malami yana cikin sashen fanninsa yana kuma cikin rukunin da yake kula da ɗaya daga ƙwarewar takwas, ana ware lokaci a mako don su zauna tare. Wannan zaman shi ne tsarin. Idan aka cire shi, abin da ya rage takarda ce kawai. Batun abin da ba ya aunuwa kuwa, na yarda ba za a iya auna yadda zane ya taɓa zuciyar ɗaliba ba, amma ana iya ganin ko ta iya tsayawa gabansa ta faɗi abin da ta gani da dalilin da ya sa ya yi mata tasiri. Jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu ba ta ko kusanci wannan ba.

Wanda ya yi jami'a a Najeriya ya san inda maganar nan take taɓa mu. Darussan da ɗalibai suke kira GST ko GNS daga wannan tunani na Amurka suka samo asali. Jami'ar Najeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ita ta fara shigo da su, daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta su ga kowa. A sabuwar manhajar da hukumar ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 akwai Ingilishi don sadarwa, al'ummomin Najeriya da al'adunsu, falsafa da mantiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, da koyon sana'a. A takarda babu abin kushewa. Ƙasar da ta sha rikicin addini da ƙabilanci tana buƙatar darasin sasanta rikici fiye da Wisconsin. Amma a jami'o'in gwamnati da yawa ɗaruruwan ɗalibai ne a ɗakin lacca guda, wasu a tsaye a bakin taga, a sayi littafin darasin, a haddace tambayoyin shekarun baya, a shiga ɗakin kwamfuta a danna amsa. Mutum zai iya samun A a sasanta rikici bai taɓa zama tsakanin mutum biyu masu saɓani ba, ya samu A a sadarwa bai taɓa tsayawa gaban mutum goma ya yi magana ta minti uku ba. Ba laifin malaman ba ne, mutum ɗaya ba zai saurari jawabin ɗalibai dubu ba. Laifin na masu tsara abin ne, da suka wajabta darasi ba su tanadi malamai da lokacin da zai sa ya yi amfani ba. Kuma 'yan matanmu ne suka fi cutuwa, domin a irin wannan cunkoso wadda aka tarbiyyantar da kawaici za ta shekara huɗu ba a ji muryarta ba, ta fita da sakamako mai kyau, sai a ranar ganawar neman aiki a gano babu wanda ya taɓa ba ta dama ta gwada.

Na san tsarin Alverno yana da tsada, kuma tsadar ta kama ita kanta Alverno. A 2023 Jami'ar Cardinal Stritch, maƙwabciyarta a Milwaukee wadda ita ma sistoci suka kafa, ta rufe baki ɗaya. A shekarar ne kuma wata Notre Dame daban, ta jihar Maryland, wadda ta fara ba mata digirin shekara huɗu a cikin kwalejojin Katolika na Amurka, ta fara ɗaukar maza a digirin farko. A watan Yunin 2024 hukumar gudanarwar Alverno ta bayyana cewa kwalejin tana cikin matsanancin halin kuɗi, ta rage fannonin digirin farko daga 43 zuwa 29, ta kuma sallami malamai. Cikin fannonin da aka soke akwai tarihi, Ingilishi, lissafi da nazarin addini. Sistocin da a da suke koyarwa kusan kyauta sun tsufa, masu shiga aikin sista sun ragu ƙwarai, ɗalibai kuma suna tururuwa zuwa jinya da kasuwanci saboda bashin karatu yana jiransu.

Ba na zargin ɗaliban, kuma na fahimci hukumar da take neman ceton makaranta daga rufewa. Amma wannan yanke ya dame ni, domin ƙwarewar nan takwas ba a iska ake koyon su ba. Ɗaliba tana koyon ɓarje hujja ne a kan takardun tarihi na gaske, a hannun malamar da ta ƙare rayuwarta a kansu. Tana koyon auna daidai da ba daidai ba ne a ajin da ake karanta nassi da falsafa da adabi. Za a ce darussan suna nan a karatun gama-gari ko da an soke digirin fannin, kuma haka ne. Sai dai sashen da ba shi da ɗalibansa na kansa ba ya daɗewa yana riƙe ƙwararrun malamai, a hankali sai a koma ɗauko masu koyarwa na wucin gadi, waɗanda ake biya kan kowane darasi, ba su da lokacin zaman muhawarar mako, ba su kuma san ɗalibar da suka koyar a bara ba. A 1973 sassan tarihi da adabi da addini suna cikin waɗanda suka zauna suka haifi tsarin. Idan Alverno tana so ma'aikaciyar jinyar da za ta yaye nan da shekara goma ta iya abin da takardarta ta yi alkawari, dole ta riƙe malaman waɗannan fannoni a matsayin cikakkun ma'aikata masu kujera a teburin shawara, ko da babu ɗaliba ko ɗaya da take neman digiri a sashensu.